Tarihin Allon Nuni a Ɗakin Kula da Matatar Mai da Yadda Ake Auna Ingancinsa

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu bi diddigin wani ɓangare na tarihin masana'antar man fetur wanda ba a cika yin maganarsa ba, watau ɗakin da ake zama a kula da matata, da kuma allon da mai kula yake dubawa don ya san abin da ke gudana a cikin bututu da tankuna. Manufarmu ita ce mu nuna yadda aka fara auna ingancin wannan allo, da abin da ya tilasta aka fara, sa'an nan mu ga inda matatar Kaduna ta faɗo a cikin wannan tarihi.

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan mutumin Yasore, ko sauran ƙauyukan ƙasar Batsari da Safana, da ɗakin kula da matata. Amsa ita ce, kananzir ɗin da ya zuba a fitilarsa, da man da injin niƙa ya sha, da fetur ɗin motar da ta kai shi kasuwa, duk sai da suka bi ta gaban idon wani mutum da ke zaune a irin wannan ɗaki. Har ila yau, lokacin da aka buɗe matatar Kaduna a 1980, Yasore tana cikin Jihar Kaduna ne, domin sai a 1987 aka yanke Jihar Katsina. Ke nan matatar jiharmu ce aka buɗe a wannan shekara.

2.0 Matatar Kaduna

An samu mai a Oloibiri a 1956, aka buɗe matata ta farko kusa da Fatakwal a 1965, ta Warri kuma a 1978. Ta Kaduna ita ce ta uku, kuma ita kaɗai aka gina a Arewa. A 1977, shekarar da aka kafa hukumar NNPC, aka ba kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan kwangilar ginin a kan hanyar Kachiya. An tsara ta ne ta tace ganga 100,000 a rana, daga baya a 1986 aka ƙara ta kai 110,000. A lokacin da take aiki, ɗanyen mai yana zuwa mata ta bututu daga yankin Warri, ita kuma tana tura tatacce ta bututu zuwa rumbunan ajiya na Kano da Gusau da Jos da sauransu.

Matatar Kaduna ba a fetur da kananzir kawai ta tsaya ba. Akwai sashen baƙin mai da kaki da kwalta, wanda ke bukatar ɗanyen mai mai kauri da ake sayowa daga waje. A 1988 kuma aka buɗe sashen sinadarai, inda ake haɗa wani ɓangare na kananzir da sinadarin benzin a samu abin da ake yin garin sabulu da shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sassa tukunya ce rufaffiya. Abin da ke ciki yana tafasa, yana kama wuta, wani kuma guba ne, amma ba mai iya buɗe murfi ya leƙa. Mai kula ba ya ganin mai ko wuta da idonsa. Abin da ma'auni ya gaya masa, shi ke nan abin da ya sani. Saboda haka idan allo ya yi ƙarya, ko kuwa ya faɗi gaskiya ta hanyar da ba a ganewa, to mai kula ya zama makaho da sandar wani.

3.0 Daga Bango Zuwa Fuskar Kwamfuta

A farkon zamanin tace mai, ma'aikaci yakan zagaya da ƙafa ne, ya duba agogon zafi a jikin tukunya, ya murɗa bawul da hannu. Da matatu suka girma, sai aka riƙa jawo labarin ma'aunai zuwa ɗaki guda, da farko ta siraran bututun iska, daga baya ta wayar lantarki. A nan aka sami doguwar hukuma da ta cika bango, ɗauke da agogai da alƙaluman da ke zane a kan takarda mai juyawa, a samanta kuma ga jerin ƙananan tagogi masu kunna wuta idan wani abu ya kauce.

Wannan bango yana da aibi, domin yakan yi tsawon da mutum sai ya yi ta kai da kawowa. Amma yana da wata falala wadda ba a gane ta ba sai da aka rasa ta. Tsohon ma'aikaci yana shigowa ɗaki, da ya ɗaga kai ya dubi yadda alluran suka tsaya, ya san lafiyar matata, kamar yadda makiyayi ke duban garke ya san akwai wadda ba ta dawo ba tun bai ƙidaya ba. Bugu da ƙari, kowace ƙararrawa tana cin kuɗin waya da gurbi a bango, don haka ba a sa ta sai da dalili.

A 1959 aka fara ɗora wa kwamfuta kula da wani sashe na matatar Texaco da ke Port Arthur a Amurka. Babban juyi kuwa ya zo ne a 1975, sa'ad da kamfanin Honeywell na Amurka ya fito da tsarin TDC 2000, kamfanin Yokogawa na Japan kuma ya fito da CENTUM. Bango ya koma cikin akwati mai fuska kamar talabijin. Abin da a da ake gani gaba ɗaya, yanzu ya rarrabu shafi shafi, mai kula ya zama kamar mai leƙen gida ta kafar ƙofa. Ƙara ƙararrawa kuma ya zama ba ya cin ko kwabo, sai dai a danna maɓalli, saboda haka injiniyoyi suka yi ta ƙarawa har suka kai dubbai a matata guda.

Ya kamata mu lura da shekarun nan da kyau. An ba da kwangilar Kaduna shekara biyu bayan fitowar sabon tsari, kuma shekara biyu kafin hatsarin da ya fara buɗe wa duniya ido game da allon nuni. Watau an zana ta ne a tsakiyar canji, tun ba a rubuta ko ɗaya daga cikin ƙa'idojin da za mu ambata a gaba ba. Wannan ba laifin kowa ba ne. Haka dukan matatun zamaninta suke, a ko'ina cikin duniya.

4.0 Darasin da Aka Saya da Tsada

Tunanin cewa kuskuren ma'aikaci yana iya zama kuskuren mai zana na'ura ya samo asali ne daga jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu. A 1947 Paul Fitts da Richard Jones suka tattara labarin kurakurai 460 da matuƙa jirgi suka yi wajen taɓa maɓallai, da wasu 270 wajen karanta agogai. Suka gano cewa da yawa daga ciki tsarin wurin zaman matuƙi ne ya jawo su, alal misali maɓallai biyu masu kama da juna a jere, ɗaya na ƙafar sauka, ɗaya na fiffike. Amma masana'antu ba su ɗauki wannan darasi da muhimmanci ba sai da wuta ta zo gemunsu.

4.1 Three Mile Island, 1979

Wannan tashar lantarki ce ta nukiliya a jihar Pennsylvania, ba matata ba ce, amma daga gare ta kowa ya koya. Da ƙarfe huɗu na asubahin 28 ga Maris, wani bawul na rage matsi ya buɗe, ya ƙi rufuwa. A kan allo akwai fitila da ta mutu, masu kula suka ɗauka bawul ya rufu ke nan. Ashe fitilar ba halin bawul take nunawa ba, tana nuna cewa an aika masa umarnin rufuwa ne kawai. Bambancin aike da isar da saƙo ke nan. Ruwan sanyaya tukunya ya yi ta zuba fiye da sa'a biyu. A cikin mintocin farko ƙararrawa fiye da 100 suka tashi, ba hanyar tantance babba daga ƙarama, na'urar da ke buga jerinsu a takarda kuwa ta yi baya ƙwarai. Wata fitila mai muhimmanci ma takardar gyara da aka rataya ce ta rufe ta. Hukumar bincike ta Kemeny ta ɗora babban kaso na laifi a kan tsarin ɗakin da irin horon da aka ba ma'aikata.

4.2 Milford Haven, 1994

Ranar 24 ga Yuli, tsawa ta faɗa wa matatar Texaco da ke yankin Wales na Birtaniya, ta hargitsa sassa da dama. Ma'aikata suka shafe wajen sa'a biyar suna ƙoƙarin daidaita al'amura. Wani bawul yana rufe, allo yana nuna a buɗe yake, mai ya yi ta taruwa inda ba shi da mafita. A cikin minti 11 na ƙarshe, mutum biyu suka fuskanci ƙararrawa 275. Idan muka raba, ƙararrawa 25 ke nan a minti ɗaya, ko kuwa ɗaya a duk daƙiƙa biyu zuwa uku. Ba ɗan Adam da zai karanta wannan, balle ya yi tunani a kai. Bututu ya fashe, kimanin tan 20 na mai ya fita ya kama wuta, mutum 26 suka ji rauni. Rahoton hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ya nuna cewa babu wani shafi guda da ke nuna wa masu kula hoton sashen baki ɗaya, da abin da ke shiga da abin da ke fita.

4.3 Texas City, 2005

Ranar 23 ga Maris ana tayar da wani sashe na matatar BP bayan gyara. Hasumiyar tacewa mai tsawon ƙafa 170 aka yi ta ɗura wa mai ba a buɗe mafita ba. Ma'aunin cika an yi shi ne ya auna 'yan ƙafafun ƙasan hasumiya kawai. Da mai ya wuce shi, sai ya riƙa nuna ƙasa da ƙafa 10, har ma yana nuna raguwa, alhali mai ya haura ƙafa 150. Ƙararrawa ta biyu ba ta kaɗa ba. Yawan man da ke shiga da wanda ke fita ba a shafi ɗaya suke ba, ga shi mutum ɗaya ne ke kula da sassa uku, wasu ma'aikatan kuma sun yi wajen wata guda suna aikin sa'a 12 kullum ba hutu. Mutum 15 suka rasu, 180 suka jikkata.

Abin da ya haɗa waɗannan uku shi ne, a kowanne akwai labarin da zai iya ceton jama'a, kuma yana nan cikin ɗakin, amma bai isa zuciyar mai kula ba.

5.0 Hanyoyin Aunawa

Daga waɗannan masifu ne ilmin auna allon nuni ya tsiro. Mu da muke koyar da malanta ba baƙon abu ba ne a gare mu. Ba ma yaba wa ɗalibin koyarwa don ya cika allo da rubutu mai kyau. Mukan juya ga yara mu tambaye su, abin da suka gane shi ne makinsa. Haka masana suka koma yi wa allon matata.

Hanya ta farko ita ce gwada allo da rubutattun ƙa'idoji. A 1999 ƙungiyar EEMUA ta Birtaniya ta fitar da jagora mai lamba 191, inda ta ce a lokacin lafiya kada ƙararrawa ta wuce ɗaya a minti goma, idan kuwa abu ya rikice, kada ta wuce goma a minti goman farko. Mai karatu ya gwada wannan da 275 na Milford Haven. Daga shekara ta 1999 aka fara fitar da ƙa'idar duniya ta ISO 11064 a kan tsara ɗakunan kula, kashi na bakwai nata, na 2006, a kan aunawa kaɗai ya tsaya. A 2009 aka sami ISA 18.2 a kan ƙararrawa, a 2015 kuma ISA 101 a kan allon nuni. Daga cikin abin da aka karkata gare shi akwai barin fuskar allo toka-toka, a ajiye launi mai ƙarfi sai ga abin da ya kauce, a kuma jera shafuka daki-daki tun daga hoton matata duka har zuwa famfo guda. An kuma hana dogara da launi shi kaɗai, domin akwai mazaje da dama da ba sa bambance ja da kore, kuma ma'anar launi ba ɗaya ba ce ko'ina. A wajen ma'aikatan lantarki ja yana nufin akwai wuta a layi, a matatu da yawa kuwa ja yana nufin inji ya tsaya.

Wannan hanya tana da sauƙi da araha, amma ba ta wadatar ba. Allo yana iya cika dukan sharuɗɗan takarda, ya kuma kāsa a ranar wahala.

Hanya ta biyu ita ce zama da masu aikin. Mai bincike yakan kwana a ɗakin kula, ya ga shafin da ake yawan buɗewa, da ƙararrawar da ake kashewa ba a ko duba ba, da 'yar takardar da aka manna a gefen allo don tunatarwa. Duk inda aka ga irin wannan takarda, to alama ce allo ya gaza a wurin. Lokacin miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu kamawa shi ma wurin lura ne ƙwarai.

Hanya ta uku, wadda ta fi ƙarfi, ita ce gwaji a na'urar kwaikwayo. Akan gina matata ta ƙarya a cikin kwamfuta, a zaunar da mai kula, a jefa masa matsala ba da saninsa ba, a ƙidaya mintocin da ya ɗauka kafin ya lura, da kafin ya gano dalili, da kafin ya gyara. Mica Endsley ta fito da wata dabara a 1988: a tsakiyar gwaji sai a rufe allo farat ɗaya, a tambayi mutum abin da ke faruwa, da ma'anarsa, da abin da zai biyo baya. A wannan shekara kuma hukumar NASA ta fitar da ma'aunin nauyin aiki, inda ma'aikaci da kansa yake kimanta yawan tunani da gaggawa da takaicin da aikin ya jawo masa. Idan an gwada allo biyu da mutane iri ɗaya da matsala iri ɗaya, gardama ta ƙare, gani ya kori ji.

Dalilin da ya sa gwajin ranar wahala ya zama dole, Lisanne Bainbridge ta bayyana shi tun 1983. Ta nuna cewa gwargwadon yadda na'ura ta karɓe aikin yau da kullum, gwargwadon yadda hannun mutum ke yin sanyi, ga shi kuwa ba a kiransa sai abin ya fi ƙarfin na'ura. Watau an bar masa mafi wuyar aiki, an kuma hana shi damar saba wa aikin.

6.0 Inda Muka Tsaya

A 2020 hukumar NNPC ta bayyana cewa ta dakatar da matatunta domin gyara, a 2023 kuma ta sa hannu da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu a kan gyaran ta Kaduna. A maƙwabta, matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011, tana da ƙarfin ganga 20,000 a rana, haɗin gwiwa ce tsakanin gwamnatin Nijar da kamfanin CNPC na ƙasar Sin. A 2018 Nijeriya da Nijar suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar fahimtar juna don gina matata a Jihar Katsina. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. Matatar Ɗangote ta Legas, mai ganga 650,000, ta fara fitar da mai a 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar ɗakin kula, kuma 'ya'yanmu ne za su zauna a ciki.

A nan akwai abubuwa da muke ganin ya wajaba a kula da su. Na farko, lokacin tayar da matata bayan dogon tsayi shi ne mafi hatsari, kamar yadda Texas City ta nuna. Matatar da ta daɗe a tsaye, tsofaffin ma'aikatanta da suka san halinta sun yi ritaya, sababbi kuma ba su taɓa ganin ta rikice ba. Sauya bututu da famfo bai isa gyara ba idan ba a gwada allo da mutanen da za su zauna gabansa ba.

Na biyu, maganar harshe. Injiniyan da ya zana allo yana tunani da Japananci ko Sinanci ko Koriyanci, rubutun yakan zo da Ingilishi ko Faransanci a gajarce, mai kula kuma idan hankalinsa ya tashi, da harshen uwa zuciyarsa ke magana. Ba muna cewa a fassara kowane allo da Hausa ba ne. Abin da muke cewa shi ne, gwajin da aka yi da ma'aikatan wata ƙasa ba ya zama hujja a kan namu. Dole a sake shi a nan, da gajerun kalmomin da ke kan allon, da irin maganar da ake yi ta rediyo tsakanin ɗaki da fili.

Na uku, aunawa ba aikin rana ɗaya ba ne. Duk gyaran da aka yi wa matata yakan ƙara shafi ko ƙararrawa. Ƙidayar ƙararrawar da ta kaɗa a mako, da fitar da goman da suka fi damun mutane a gyara su, abu ne da ba ya bukatar ƙwararre daga waje.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda allon nuni ya tashi daga bango ya koma fuskar kwamfuta a 1975, da yadda hatsarin 1979 da na 1994 da na 2005 suka nuna cewa ma'auni yana iya aiki, labari kuma ya kāsa isa. Mun ga kuma cewa kusan kowace ƙa'idar aunawa bayan asarar dukiya ko ta rai aka rubuta ta. Mu ba mu da dalilin sake sayen darasin da wasu suka riga suka biya kuɗinsa.

Shawararmu ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na wannan yanki ita ce, su sa nazarin dangantakar mutum da na'ura a cikin manhajar injiniya, su kuma haɗa kai da sassan ilmin halayyar ɗan Adam da na harsuna, domin matsalar ta ratsa dukansu. Ga masu ba da kwangila kuwa, a sa sharaɗi a rubuce cewa ba za a karɓi ɗakin kula ba sai ma'aikatanmu sun gwada shi a na'urar kwaikwayo, an kuma rubuta sakamakon. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da yau yake karatu a Yasore ko Safana, wataƙila shi ne gobe zai zauna gaban allon da ƙarfe huɗu na asuba, kuma abin da allon ya gaya masa a wannan sa'a, shi zai yi aiki da shi.